Marsandi a Kan Dusar Ƙanƙara

A ƙasarmu babu motar da ta samu girman da Mercedes ta samu. Tun lokacin da manyan alhazai suka fara shigo da ita, har sunanta ya narke a bakin jama'a ya koma Marsandi, ita ce motar da in ta tsaya a ƙofar gida sai maƙwabta su leƙo su ga ko wane ne baƙon. Ma'aikaci yakan san ya taka wani matsayi ran da aka daina zuwa ɗaukarsa da Peugeot aka turo masa ita. Ɗan kasuwa kuwa ba ya bukatar faɗa wa kowa cewa hajarsa ta karɓu, motar ta riga ta faɗa. Sai dai akwai wani hali nata da mafi yawan masu hawanta a Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su taɓa samun dalilin sani ba. A can Jamus inda aka ƙera ta, idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara ta lulluɓe hanya, wannan ƙasaitacciyar mota tana iya cijewa a gindin ɗan tudun da bai taka kara ya karya ba, ƙafafunta na baya suna ta wulwulawa a wuri ɗaya, har wata ƴar ƙaramar mota da kuɗinta bai kai na kujerunta ba ta zo ta wuce ta. Na sha ganin haka, kuma na taɓa ɗaukar irinta na yi tafiyar yini guda a cikin wannan yanayi, alhali dukiyar ba tawa ba ce.

Sana'ata ita ce sayen motocin da Turawa suka hau suka gaji, ina turo wa ƴan kasuwarmu. Na yi shekaru ina zaune a Burusel, kusa da unguwar Heyvaert, inda duk wanda ya san harkar ya san nan ce kasuwar: gareji na bin gareji, ƴan Labanan da ƴan Afirka ta Yamma ana ta ciniki, manyan motoci suna lodi suna nufar tashar jiragen ruwa ta Anbers. A watan Janairu na 2019 wani dattijon Alhaji da nake yi wa aiki ya bukaci S 350 ƙirar 2009, baƙa, kuma ya ce ba ya son wadda ta bi ta hannun dillalai goma. Na samo masa ita a wurin mai ita na farko, wani tsohon Bajamushe a wani ƙauye kusa da Ogsburg, cikin jihar Babariya. Daga can zuwa Anbers wajen kilomita 700 ne, wato ya ɗan ɗara Yamai zuwa Maraɗi, kuma jirgin da muka yi wa motar rajista zai rufe karɓar kaya bayan kwana biyu. Watan nan kuwa shi ne wanda dusar ƙanƙara ta zuba a kudancin Babariya har hukumomin wasu gundumomi na gindin duwatsun Alp suka shelanta cewa an shiga halin bala'i, sojoji suna hawa rufin gidaje suna kwashe ta da shebur don kada nauyinta ya rusa su. Ogsburg ba ta sha abin da suka sha ba, amma ita ma fari fat na same ta.

Kafin in shiga labarin tafiyar, ya kamata in nuna wa mai karatu inda gizo ke saƙar. Mafi yawan ƙananan motocin yau injinsu yana gaba, kuma ƙafafun gaba ne ke jan su. Wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana danne a kan ƙafafun da ke aikin. Babbar Marsandi ba haka take ba. Injin yana gaba, amma ƙarfinsa yana bi ta wani dogon ƙarfe a ƙarƙashin mota ya isa ƙafafun baya, su ne ke tura ta. Haka manyan BMW suke, haka ma 404 da 504 da iyayenmu suka ratsa ƙasar nan da su. A kan busasshiyar kwalta wannan tsari ba shi da na biyu, domin ƙafafun gaba ba su da aiki sai juyawa, na baya ba su da aiki sai turi, shi ya sa sitiyarin ke bin hannu kamar linzamin horarren doki. Amma duk wanda ya taɓa kama kurar dako a kasuwa ya san ja daban, turi daban. Wadda kake ja tana bin ka duk inda ka nufa. Wadda kake turawa kuwa, da zarar hannu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi sai ta karkace. A kan santsi motar da ake turawa daga baya ita ce wannan kura, kuma mai turin a nan ƙarfin doki 272 ne, a bayan mota mai nauyin kusan tan 2.

Abin da ya haɗa duk wannan nauyi da ƙasa bai wuce wuri huɗu ba, kowane kamar faɗin tafin hannu. Riƙon da taya ke yi wa hanya kuwa tamkar jari ne a hannun ɗan kasuwa: guda ɗaya ne, daga cikinsa ake cire na turi, da na birki, da na shan kwana. In ka zuba shi duka a totur, ba sauran abin da zai riƙe bayan motar kada ya zame gefe. A kan busasshiyar kwalta jarin yana da yawa har ba ka sanin kana kashe shi. A kan dusar da motoci suka tattake yakan koma kamar kashi ɗaya cikin uku, a kan ƙanƙara tsantsa kuma kamar kashi ɗaya cikin takwas. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wadda birki zai tsayar cikin mita 12 ko 13 a busasshiyar hanya, tana bukatar wajen mita 40 a kan dusa, a kan ƙanƙara kuwa tana iya cin mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan. In gudun ya ninka biyu, nisan sai ya ninka huɗu.

Da na isa gidan dattijon na tarar da motar a gareji, tsaf kamar amarya, amma a kan tayoyin rani take, domin tun da ya yi ritaya ba ya fitar da ita cikin sanyi. A jikin bango ga tayoyin hunturu huɗu, kowace da ƙarfenta, an jera su an rubuta da alli wadda ke gaba da wadda ke baya. Ya ce in ina so in ƙara Yuro 400, wato jikka 262 na Sefa. Kuɗin ba nawa ba ne, saboda haka na buga wa mai su waya.

"Ɗana," in ji Alhaji, "taya huɗu gare ta, kuma ka ce masu kyau ne. Mi za mu yi da wasu huɗu? A Maraɗi ƙanƙara sai a cikin firiji."

Na ce, "Allah shi daɗe da ranku, gaskiyarku, a Maraɗi ba su da amfani. Amma kafin ta ga Maraɗi sai ta ga Anbers, kuma tsakaninmu da Anbers akwai dutse. Da waɗanda ke jikinta ba ni iya ɗaukar amanarku in hau shi. In kun fi so sai in bar ta nan har hanya ta bushe, wannan jirgi ya tafi, mu jira na gaba."

Ya yi shiru har ina jin hayaniyar yaran kanti a bayansa. Can sai ya ce, "Kai ke gani, ni ji nike. Saya. Amma ka amso takarda."

Ko da bai yarda ba, doka ba za ta bar ni in tashi ba. Tun watan Disamba na 2010 dokar hanya ta Jamus ta hana a tuƙa mota a kan dusa ko ƙanƙara ko caɓinsu sai da tayoyin hunturu. Ba ta ɗaure mutum da kwanan wata ba, da halin hanya ta ɗaure shi, ko da yake Jamusawa sun saba sa su daga Oktoba zuwa bikin Ista. Tarar Yuro 60 ce, in kuma ka tare wa mutane hanya ta zama 80, kuma wannan shi ne mai sauƙin. In hatsari ya auku, kamfanin inshora yana iya rage abin da zai biya. Otiriya tana da irin tata daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu. Faransa ta shigo sahu a 2021, a jihohinta masu duwatsu. A lardin Kebek na Kanada, inda ɗalibanmu da yawa suka yi karatu, wajibi ne tun 2008, yanzu kuma daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Asalin abin kuwa daga Finlan ne, inda kamfanin da a yau ake kira Nokian ya ƙera tayar hunturu ta farko a 1934, ta manyan motocin kaya.

Wanda bai sani ba zai ɗauka bambancin a zane kaɗai yake, alhali rabinsa a jikin robar yake. Robar tayar rani an haɗa ta ne don ta jure zafi. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ta fara sandarewa, in ya kai ga daskarar da ruwa kuwa ta koma kamar busasshen ƙirgi, ba ta lanƙwasa ta kama ƴan ramukan hanya. Ta hunturu an yawaita mata ɗanyar roba da sinadarin silika, tana nan da laushinta ko a tsakiyar sanyi. Na sa farce na danna duka biyun a cikin garejin nan: ɗaya ta ƙi, ɗaya ta nutse. Sannan kowane haƙori na zanenta an tsattsaga shi da ɗaruruwan siraran layuka masu zigizagi, waɗanda ke buɗewa in taya ta taka ƙasa, kowane ya zama ɗan baki mai cizo. Abin mamakin shi ne, manyan ramukan zanen an yi su ne don su cika da dusa su riƙe ta, domin babu abin da ke kama dusa kamar dusa. Yaran Turawa da ke dunƙula ta suna jifan juna sun san haka. Alamar da doka ke nema a gefen taya ita ce hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa. Tsohuwar alamar M+S ita kaɗai, Jamus ta daina karɓarta daga ƙarshen Satumba na 2024. Zurfin zanen da doka ta yarda da shi milimita 1.6 ne, amma masana ba sa yarda da ƙasa da 4 a cikin hunturu. Na dattijon 6 ne.

Huɗun duka muka sa. Wasu masu tsumulmula sukan sa biyu a baya kaɗai, tun da su ke turi, sai motar ta iya tashi amma ta ƙi juyawa ta ƙi tsayawa. Tayoyin rani kuma na zuba biyu a but, biyu a kujerar baya na shimfiɗa bargo na ɗaure su da bel. Wannan ya yi mini rana ta inda ban nema ba, domin nauyinsu, wajen kilo 90, ya zauna daidai kan ƙafafun baya. Tsofaffin direbobin tasi na Jamus buhunan yashi suke ajewa a but saboda wannan dalili.

Na tashi bayan asuba, gari bai waye ba, da lambar fitar da mota waje mai jan layi a gefe, mizanin sanyi yana nuna digiri 4 ƙasa da sifili. Hanyar ƙauyen ba a share ta ba tukuna, kuma tana hawa ɗan tudu kafin ta haɗu da babbar hanya. Akwatin giyar irin wannan mota yana da tsarin da aka sa wa harafin C, wanda ke tayar da ita a giya ta biyu maimakon ta ɗaya, don ƙarfin ya isa ƙasa a sanyaye. Na ɗaga ƙafa daga birki na bar ta ta fara rarrafe da kanta, sannan na ɗora ƙafa a totur kamar mai taka ƙwai. Ta hau ba gardama, dusa tana ƙara a ƙarƙashinta kamar ana taka busasshen kara.

A nan ne na gane ilmin ba baƙo ba ne a wurina. Ina yaro na yi karen mota a 504 ɗin kawuna, muna bin hanyoyin rairayi na arewacin Dakoro, kuma duk abin da ya koya mini da tsawa shi ne dusa ke nema. Kada ka fizgi totur. Kada ka tsaya a tsakiyar hawa, ka samo ƙarfinka tun daga ƙasa. Ka bi sawun wanda ya riga ka. In ta kafe, kada ka yi ta wulwula taya kana haƙa wa kanka rami, ka yi gaba kaɗan baya kaɗan kamar mai lallashin jariri, in ta ƙi ka sa tabarma ko kirare a ƙarƙashin ƙafa. Amma akwai inda suka rabu, kuma wanda ya zo da ilmin rairayi kaɗai nan ne zai sha kashi. Rairayi riƙe mota yake yi, da ka ɗaga ƙafa ta tsaya. Dusa sakinta take yi, ka ɗaga ƙafa ka taka birki tana nan tana tafiya. A rairayi gudu yakan cece ka, a dusa gudu ne ke kai mutum rami. A rairayi muna sace iskar taya don ta baje ta yi iyo a sama. A kan titin da dusa ta rufe ba a yin haka, so ake taya ta nutse ta ciji abin da ke ƙasa, shi ya sa ma siririyar taya ta fi mai faɗi aiki a nan, manyan motoci kuwa da faffaɗan tayoyi suke zuwa.

Babbar hanyar A8 na same ta da sauƙi-sauƙi. Motocin share hanya suna tafe biyu-biyu, ɗaya a gaba ɗaya a ɗan bayanta, suna ture dusa gefe suna watsa gishiri, mu kuma muna biye a layi kamar ayarin raƙuma. Ba wanda ya yi ƙoƙarin wuce su, domin abin da ke gabansu ya fi abin da ke bayansu muni. Tsakanin layin dama da na hagu caɓi ya taru ya yi kunya kamar ta gona, kuma ƙetare wannan kunya shi ne aikin da ya fi kowane hatsari: ƙafafun gefe ɗaya su shiga su ji nauyi, na ɗaya gefen suna sake, motar ta nemi juyawa. In dole ce ta sa, sai ka shiga a hankali, a karkace kaɗan, ƙafa ba ta ƙara ba ta rage ba.

Bayan Ulm hanya ta fara hawan tsaunukan Shuwabiya, inda take kaiwa kusan mita 800 sama da teku. Nan dusa ta dawo da ƙarfi, tana zuba fiye da yadda gishiri ke iya narkarwa. Tireloli sun jeru a layin dama, wasu sun kafe. A gefe na wuce wata doguwar mota irin tawa, sabuwa dal, ta juya tana kallon inda ta fito, mai ita yana tsaye a bayan shingen ƙarfe cikin kwat da takalmin ofis yana waya.

A nan nake so in faɗi abin da na daɗe ina tunani game da waɗannan motoci. Turin baya matsala ce, amma taya mai kyau da ƙafa mai ladabi suna maganinta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daɗin motar kansa. An kashe dukiya mai yawa don a raba mai hawanta da hanya: ba ka jin ƙarar inji, ba ka jin iska, gargada ba ta iso ka, kujera tana ɗumama maka baya, kana zaune da riga ɗaya alhali a waje ruwa ya zama dutse. Kilomita 100 a cikinta kamar 50 ne a wata. A tsohuwar 504 kowane motsin ƙasa yana shigowa ta tafin hannunka da kujerarka, tun kafin bayanta ya zame ka ji. Wannan kuwa an horar da ita ta yi maka shiru, kuma ba ta bambanta labarin da ke damunka da wanda ke cetonka. Saboda haka sai na kashe rediyo, na ɗan sauke gilashi don in riƙa jin taya, domin muddin kana jin feshin ruwa to ruwa ne, in ya ɗauke hanya kuma tana ƙyalli, to ya daskare. Idona kuma yana kan mizanin sanyi fiye da na gudu. Mafi sharrin lokaci shi ne in yana kai da komo a wajen sifili, lokacin da ƙanƙara ke da ɗan ruwa-ruwa a samanta.

Gangarar Drackenstein, wadda ke sauka ta nufi Stutgat, an sassaƙa ta ne a jikin dutse, layi biyu, ga kwana ga gadoji ga ramin dutse. Abin da muka saba yi a gangara shi ne mu sauke giya inji ya riƙe mota. A nan ma haka ne, amma da sharaɗi: a motar turin baya, riƙon inji a kan ƙafafun baya kaɗai yake sauka, in ka sauke giya da gaggawa kamar ka ja birkin hannu ne. Na sauke tun ina kan tudu, a miƙaƙƙen wuri, ɗaya bayan ɗaya, na bar tazarar da tirela uku za su shiga tsakanina da na gabana. A kan wata gada mai ɗan lanƙwasa, da yake gada ta fi ko'ina saurin daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinta, na ji bayan motar ya yi sauƙi ya fara zamewa dama. A irin wannan hali ba a taka birki. Ana sassauta totur ne, a kai ido inda ake son zuwa, a karkata sitiyari kaɗan ta wajen da bayan ya nufa. Kafin hannuna ya gama, wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa ta yi ƙifce a allon gabana, na ji guɗ-guɗ a ƙafa ɗaya, motar ta miƙe. Duka bai kai daƙiƙa biyu ba. Ni dai na ci gaba da salati har Aichelberg.

Wannan fitila ta na'urar ESP ce, wadda ke auna inda sitiyari ya nufa da inda motar ke tafiya, in sun saɓa ta rage wa inji ƙarfi ta kama birkin ƙafa ɗaya ita kaɗai, abin da ɗan Adam ba ya iyawa. Mercedes da kamfanin Bosch ne suka fara fito da ita a 1995, kamar yadda suka fito da birkin ABS mai hana taya cijewa a 1978, kuma tun Nuwamba na 2014 kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai dole tana da ita. Ta yi aikinta, ban raina mata ba. Sai dai ita mai rabon jari ce, ba ta ƙirƙiro shi. Da a kan tayoyin rani nake, da ta kama birkin ta tarar ba abin kamawa. Haka nan masu cewa a sayi mai ja da ƙafa huɗu, wadda Mercedes ke kira 4MATIC, a huta. Lalle ta fi iya tashi da hawa. Amma wajen tsayawa kowace mota da ƙafa huɗu take birki, kuma na ga irinsu a cikin rami da dama, saboda sauƙin tashi ya sa masu su sun manta da wuyar tsayawa. Tayoyi masu ƙusa, irin na Finlan da Suwidin, an hana su a Jamus. Sarƙa kuwa ana ɗaura ta ne a ƙafafun da ke turi, wato na baya a nan, ba a kuma wuce kilomita 50 da ita. Ina da ita a but, ban kai ga fito da ita ba.

Daga Karlsruhe, da na sauka kwarin kogin Rin, dusa ta koma ruwan sama, sauran tafiyar ba ta da labari. Abin da ake yi cikin awa bakwai ya ci mini goma sha ɗaya.

Washegari a Burusel na yi abu biyu kafin in kai ta Anbers, kuma su ne suka fi shafar mai karatu da ke nan gida. Na farko, na sa aka ɗaga ta aka wanke ƙarƙashinta sarai, domin gishirin da ke narkar da ƙanƙara shi ne ke cin ƙarfe. Duk mai sayen motar da ta fito daga Jamus ko Otiriya ko Suwizalan, ya bar kallon fenti ya durƙusa ya duba bututun birki da gindin ƙofofi. Na biyu, na mayar mata da tayoyinta na rani, na hunturun kuma na sayar wa wani maƙwabcina Yuro 250. Ba kowa ke yin haka ba. Motoci da yawa da tayoyin hunturu ake loda su a jirgi, kuma cikin tsofaffin tayoyin da ake jibge a kasuwanninmu akwai su birjik, mai saye ya ga zane mai zurfi ya ɗauka ya yi tsintuwa. Robar da aka haɗa don ta yi laushi a ƙasa da sifili, a ɗora ta a kan kwaltar Ƙonni zuwa Tawa a watan Afrilu, ana digiri 45 a inuwa, ga lodi ga gudu: tana saurin cinyewa, tana tara zafi, birkinta yana tsawo, mota tana yawo a kwana. Wanda ya ga hoton dutse da ƙwayar dusa a gefen taya, ya san ba don ƙasarmu aka yi ta ba. Ya kuma nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta.

Motar ta sauka a Kwatano, ta biyo ta Paraku da Malanbil da Gaya, domin a lokacin hanyar a buɗe take, kafin rufe iyakar da aka yi a 2023. Alhaji ya samu takardunsa guda biyu, ta saye da ta sayarwa, ya kuma lissafa da kansa cewa dutsen ya ci masa Yuro 150. Bayan mako guda direbansa ya bugo mini yana tambaya, wani ɗan faifan roba mai kaifin baki da ya tsinta a aljihun ƙofa, na mene ne. Na ce masa na kankare ƙanƙara daga gilashi ne da safe. Ya ce to, ai ya riga ya kai cikin gida, Hajiya ta mai da shi marar kwasar tuwo.